Yadda Ake Sauya Zoben Fata a Gindin Jirgi Ba Tare da Surukinka Ya Ga Ruwa Ba

Kai mai fito, ajiye ludayin kwalfar nan ka matso kusa. In ka bi abin da zan gaya maka daki-daki, ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari jirginka zai daina shan ruwa, kuma tukunyar gidanka ba za ta sauka daga kan murhu ba. Ba da ka nake magana ba. An gwada hanyar nan a mashigin Mariga, kusa da Birnin Gwari, tun zamanin da Nasara bai wuce bakin Kwara ba. Wanda ya gwada ta sunansa Abarshi, kuma har ya koma ga Allah ba ruwa ne ya ci shi ba.

Mataki na ɗaya: Ka fara samun rami

Ba a sauya zobe a jirgin da ba shi da rami. In jirginka lafiyayye ne, to, aikinka bai ma soma ba, kana baya ƙwarai.

Abarshi asalinsa ɗan dako ne. Ya daɗe yana bin fatake da kaya a ka, daga Birnin Gwari ta ƙasar Nufe har Lakwaja, har gashin tsakar kansa ya ƙare, wuyansa ya shige cikin kafaɗu. A can ya ga jirgin Nasara mai hayaƙi, babu gwangwala babu filafili, sai wata wutsiyar ƙarfe a gindi tana juyawa cikin ruwa kamar mazari. Ya saki baki yana kallo har sai da madugu ya zage shi.

Da ya dawo gida ya auri Kadijatu, 'yar Mailafiya mai fito. Tsohon ya ga ƙarfinsa ya ja baya, sai ya ba surukin nasa aron jirginsa na maɗaci, shi kuma ya koma zaure ya zauna. Aro fa na ce, ba kyauta ba. Jirgin nan shi ne tuwon gidan Abarshi, shi ne miyar. Ranar da aka karɓe shi, sai gammo da hanyar Nufe.

To, me mai hankali zai yi da jirgin aro? Ya huda shi mana! Abarshi ya sa maƙeri ya gasa ƙarfe, ya ƙona rami a gindin jirgi, ƙasa da inda ruwa ke kaiwa, ya zura taɓaryar Kadijatu a ciki. Can waje ya ɗaure mata ɓarin akushin Gwari, nan ciki ya kafa mata mariƙi. Sa'an nan ya kewaye bakin ramin da zoben fatar akuya don kada ruwa ya biyo taɓaryar. In ya tsuguna yana murzawa, wutsiya na juyawa, jirgi kuwa na tafiya inda kogi ya ga dama. Mutanen Kuyello har ƙetarewa suke yi su dawo, ba su da wata bukata a ƙetare, kallo kawai.

Mataki na biyu: Da zobe ya ci, ka musa

Fata ba dutse ba ce. Taɓarya na gurzar ta safe da yamma, rana na busar da ita, karnukan bakin kogi na zuwa su lashe man da aka shafa. Damina ba ta raba ba zoben Abarshi ya saki kamar bakin tsohon burgami.

Nan ne ake gane gwani. In ka ga ɗigo, raɓa ce. In ka ga tsiyaya, gumin masu ƙetarewa ne. In ka ga 'yar tarwaɗa tana zagaya ƙafar mutum, ka tsare shi da ido ka ce da ita ya shigo.

Abarshi ya ma fi haka. Ya shaida wa jama'a cewa a Lakwaja duk mai shiga jirgi mai wutsiya ɗaga ƙafafunsa yake yi sama, don girmamawa. Sai ka ga dattawa da rawunansu zaune, ƙafa a sama, fuska a murtuke, kowa na gudun a ce bai waye ba. Wata tsohuwa 'yar Dogon Dawa ce kaɗai ta yi magana.

“Ɗan nan, daddawata fa ta jiƙe.”

“Inna, ai Nufawa haka suka fi son ta.”

“To ni Nufawa zan kai wa?”

Irin wannan tambaya ba a amsa ta. Ka ƙara murza wutsiya da ƙarfi.

Mataki na uku: Ka bari labari ya isa kunnen surukinka

Ba sai ka wahala ba, akwai mai kai shi. Na Abarshi sunansa Audi, ɗan ƙanen Mailafiya, wanda ke fito da manyan goruna, yana iyo yana tura mutane da kayansu, ciki a ruwa tun safe har yamma. Tun farko Audi gani yake shi ya kamata a ba jirgin. Ya jira aka idar da la'asar, dattawa na zaune ƙofar masallaci, ya durƙusa ya ce, “Baba, jirginka fa ya zama rariya.”

Aka yi dariya. Mailafiya mutum ne mai sanyi, amma dariyar nan ta ƙona shi. Ya miƙe ya ce, “Ku shaida. Ranar kasuwa zan ƙetare da kaina. Wallahi in idona ya ga ruwa a cikin jirgin nan, a ranar zan karɓe shi in ba Audi.”

Rantsuwa a gaban dattawa ba ta komawa ciki. Kadijatu ce ta kawo labarin gida, ta faɗe shi a tsaye, ba ta ko aje tulu ba. Abarshi ya shafa tsakar kansa, ya ji kamar an riga an ɗora masa kayan. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

Wawa zai ce ka je ka ba tsohon haƙuri. Da wane bakin? Kai ma ka sani: suruki ba a kama sunansa, ba a kallon idonsa, ba a cin abinci a gabansa, in ka hango shi kan hanya tuɓe takalmi kake yi ka tsuguna tun daga nesa. Mutumin da ba ka iya shan ruwa a gabansa, shi za ka ce wa, “Baba, na huda maka jirgi”? Haba.

Mataki na huɗu: Nemo fata mai ilmin ruwa

Kada ka je wurin baduku. Kafin ka iso gida labari ya riga ka, har an ƙara masa gishiri. A gida za ka nema.

Abarshi ya duba ya duba, idonsa ya faɗa kan salkar Kadijatu da ke rataye a rumfa. Yana cikin yanke mata wuya sai ga mai ita.

“Maigida, yau kuma salkar ce?”

“Kwantar da hankalinki, ilmi ne.”

“Taɓaryata ma ilmi aka ce mini. Tun bazara gidan maƙwabta nake aro, har sun fara ɓoye tasu in sun ji sallamata.”

“Saurara ki ƙaru. Fatar akuyar can ba ta san ruwa ba, shi ya sa ta ci amana. Wannan kuwa tun da aka jeme ta aikinta ke nan, tsare ruwa.”

“Tsare shi take yi kada ya fita. Kai kuwa so kake kada ya shigo.”

Maganar ta shige Abarshi. Can sai fuskarsa ta washe. Ya kama wuyan salka ya juya shi baibai, ciki ya koma waje. Ka riƙe wannan da kyau, mai fito: fata ba ta da wayo, duk inda ka juya fuskarta nan take tsaro. Kadijatu ta dube shi, ta dubi salkarta, ta ce, “Allah ya sa Baba ya tashi da ciwon ido,” ta shige ɗaki.

Mataki na biyar: Zare, kankare, zura, shafa

Ka jawo jirgi kan yashi, bayan duhuwar gora inda ba mai wucewa. Ka kwance mariƙi, ka zare taɓarya ta waje. Ka kankare tsohon zobe da wuƙa har sai itace ya fito fes, ka haƙa rami ka binne shi kada Audi ya tsinta. Ka zura sabon a bakin ramin, ka liƙe gefensa da kakin zuma, ka naɗe shi da igiyar rama tam. Ka mayar da taɓarya, ka kafa mariƙi. Har nan ko jaki zai iya.

Saura man kaɗe. Waɗanda suka san aiki za su ce maka ɗan lakuce ya isa, don taɓarya ta juya ba tare da ta zame ba. Kada ka saurare su, ba su da surukai. Ka tuna wa zai zauna kusa da wurin nan. In tsoho ya kai ido ya ga an shafa mai kamar ana jin ciwo, me zai ce a ransa? Zai ce ya ba marowaci 'yarsa. Abin da za a kai gaban suruki ba a yi masa ƙwauro, ko goro ne, ko tuwo, ko gindin jirgi.

Abarshi ya juye ƙwaryar man Kadijatu kaf. Ya shafe zobe, ya shafe taɓarya tun daga kai har gindi, ya shafe har inda mariƙi ya kama ta. Ta yi ta sheƙi kamar amarya. Ya ja da baya ya kalle ta, ransa ya yi fari.

Mataki na shida: Zaɓi shaidar da ba ya gani

Ba ka iya magana da surukinka kai tsaye, shi ma ba ya yi da kai, saboda haka dole a sami na uku a jirgi. Ka nemi Bafillace. Abarshi ya samu Bakoji, makiyayin da ke kiwo a gefen daji, mutum mai fulako, wanda ko wuta ta kama rigarsa ba zai nuna ya ji zafi ba, sai dai ya tambaye ka lafiyar iyali.

Ranar kasuwa Mariga ta cika ta batse, ruwa ja wur. Audi tun da sassafe ya ƙetare da gorunansa ya tara mutane a wancan gaɓar. Mailafiya ya iso da babbar rigarsa fara, yana dogara sanda. Abarshi ya zube ƙasa, ido a yashi.

“Baba, ina kwana.”

“Lafiya lau. Bakoji, ka ce wa mutumin nan sannu da aiki.”

“An ce sannu da aiki,” in ji Bakoji.

Tsohon ya dafa gefen jirgi ya shafa shi kamar mai shafa wuyan doki. Bai zauna a tsakiya inda aka shimfiɗa masa buzu ba. Ya wuce can gindi, inda ya zauna duk tsawon rayuwarsa, ya harɗe dab da wutsiya. Ka ga ke nan Abarshi sai ya tsuguna a gabansa, gwiwa kusa da gwiwa, kai a sunkuye, yana murza mariƙi. Aka tura jirgi.

Mataki na bakwai: In abu ya faru, kada ka daina murzawa

Gaskiya zoben ya yi aiki. Ko ɗigo babu. Wutsiya na juyawa sumul, ba ƙara ba gurnani, har Abarshi ya fara tunanin irin kallon da zai yi wa Audi.

Suna kaiwa tsakiyar kogi, inda ruwa ya fi ƙarfi, taɓarya ta ce sulluɓ! Ta bar mariƙi a hannunsa, ta bi ta cikin sabon zobe kamar an kira ta, ta tafi da akushin Gwari da komai. Wurin da take sai rami, zagayayye, mai sheƙin mai. Ruwa ya yo tsartuwa.

Innalillahi. Abarshi ya dubi mariƙin da ke hannunsa. Ga rami, ga suruki, ga rantsuwa, ga Audi can yana miƙa wuya.

Mailafiya bai dubi ƙasa ba. Ya ɗaga kai sama, ya miƙe ƙafarsa ta dama a hankali kamar mai jin tsamin gwiwa, ya laluba, ya danna dunduniyarsa cikin ramin. Dunduniyar tsohon mai fito ce, mai kauri, mai faso, ta shige zoben tsaf kamar don ita aka yanka shi. Ya ja babbar riga ya rufe. Ɗan ruwan da ya riga ya shigo, rigar ta shanye.

“Bakoji,” in ji shi, ido na sama, “ka ga shirwar can?”

Babu ko tsuntsu a sama. Bakoji, wanda tsartuwar ta wanke wa fuska, ya ɗaga kai ya ce, “Na gan ta, Baba. Babba ce.”

Yanzu me za ka yi? In ka daina murzawa, ka faɗa ke nan da bakinka cewa wutsiya ta tafi. Saboda haka Abarshi ya ci gaba da murza mariƙi a iska, da ƙwazo, har da nishi. Jirgi ya juya gindi gaba, ya kama hanyar daji. Suka wuce mashigi, suka wuce wurin wanki, birai suka fara leƙowa daga kan itatuwa. Tsoho na kallon shirwa, Abarshi na tuƙa iska, Bakoji na zaune tsakiya ya harɗe hannu.

“Bakoji, lafiya dai ko?”

“Jam, Baba. Lafiya ƙalau.”

Sai da suka fara jin rurin ruwa a kan duwatsu a gaba, sa'an nan Mailafiya ya yi gyaran murya. “Ka ce wa mutumin nan, a zamaninmu in wutsiya ta gaji akan taimaka mata da filafili.”

“An ce a taimaka mata,” in ji Bakoji, kuma a karon nan muryarsa ta ɗan yi sauri.

Abarshi ya aje mariƙi da ladabi, ya rarumi filafili.

Mataki na takwas: A gaɓa, ka bar manya su yi magana

Sun iso a makare, ta ƙasa, suna haurowa da ƙyar. Audi bai jira jirgi ya tsaya ba, ya faɗa ruwa ya kama gefe, ya zura kai yana dube-dube. Busasshe. Ya shafa ƙasan da hannu, ya sansana.

“Ina wutsiyar?”

“Tana ƙasa,” in ji Abarshi.

Bakoji ya sauka, ya yi godiya, ya kama hanya da sauri bai waiwaya ba. Mailafiya kuwa ko motsi.

“Baba, sauko mana, ga hannuna,” in ji Audi.

“Na fasa cin kasuwar. Iskar nan ta yi mini daɗi.”

Audi ya ƙura ido. “Baba, ai rigarka jiƙe take sharkaf daga ƙasa.”

Kowa ya juyo ya dubi rigar. Abarshi ya rufe ido, ya fara sallama da jirgi a zuciyarsa. Tsohon ya juyo ya dubi ɗan ƙanensa, ya yi magana yadda kowa zai ji.

“Tsufa ne, Audi. In Allah ya kai ka shekaruna, za ka gane ba kullum mutum ke iya riƙewa ba. Ko so kake in ɗaga maka rigar ka duba a gaban jama'a?”

Kai! Dattawa suka yi wa Audi ca. Wata mai fura ta ce masa marar kunya, wani ya ɗaga sanda. Audi ya tattara gorunansa ya bar wurin, kunnuwa na zafi.

Abarshi ya kasa ɗaga kai. Dattijon da garin nan kaf ke tashi tsaye in ya shigo, yau ya ɗora wa kansa abin da yara za su yi ta raɗa, don kada tukunyar 'yarsa ta bushe. Hawaye suka zubo masa, kuma ba halin ya ce na gode, don godiya ma tona asiri ce. Ya share fuska da hannun riga ya ce wa masu jira su shigo.

Haka suka yini, kai da kawowa, tsoho na zaune a gindi kamar an dasa shi. Sai da rana ta yi sanyi mutane suka watse, Abarshi ya jawo jirgi kan yashi da surukinsa a ciki, ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta lalace ba. Ya ji ɓul, dunduniya ta fita daga rami! Da ya waiwayo, tsohon ya yi nisa, yana ɗingishi.

Mataki na tara: Kula da sabon zobe

Za ka ce ai sai a sassaƙa itace a toshe ramin, magana ta ƙare. Abarshi ma haka ya ce. Ya sassaƙa matoshi na kirya, ya buga shi da dutse, ya liƙe da kaki.

Da gari ya waye ya sauko mashigi, sai ya tarar da Mailafiya a cikin jirgi, da buzunsa da butarsa, ya shafe dunduniya da man kaɗe. Matoshin na hannunsa yana jujjuya shi. Babu Bakoji, don tun daga ranar ya koma ƙetarewa da shanunsa ta iyo, saboda haka tsohon ya dubi wata akuya da ke ɗaure ana jiran a ƙetare da ita.

“Ki ce wa mutumin nan wani ya yar da itace a jirgi.”

Ya wurga matoshin cikin Mariga, ya miƙe ƙafa, ya danna, ya ja riga ya rufe. Fuskarsa kuwa kamar ta yaron da aka saya wa sabuwar hula.

Kulawar ba ta da wuya. Kada ka tura jirgi sai ya zauna. Kada ka bari ya tashi sai kan yashi. In lokacin salla ya yi, ku fito gaɓa. In ƙafar dama ta yi sanyi, ka kalli gabas har ya sauya ta hagu.

Abu ɗaya ne ba shi da magani. Da hantsi Kadijatu takan sauko da ƙwaryar fura, ludayi biyu a ciki. Abarshi ba ya iya sha a gaban suruki, suruki kuwa ba ya iya tashi ya ba shi wuri. Sai tsohon ya sha nasa, ya jira kaɗan don ladabi, ya shanye na Abarshi, ya yi hamdala, ya shiga ba akuya ko duk wanda ke kusa labarin ambaliyar da aka yi yana saurayi. Abarshi ya rame har wuyansa ya sake fitowa daga cikin kafaɗu. Wata rana ya yi wa matarsa ƙorafi a gida, ta ce, “Tun da Baba ya bar kogi ban ƙara jin dariyarsa ba sai yanzu. Ka ci da asuba.” Bai sake tayar da maganar ba, kuma jirgi bai bar hannunsa ba.

Kashedi

Ni dai abin da na ji na faɗa, kuma da ka juya baya zan ce ban faɗa ba. In ka huda jirgi ka tarar dunduniyar surukinka siririya ce, ko 'yarsa ba ta kai masa rai kamar yadda Kadijatu ta kai wa Mailafiya ba, ko shi mutum ne mai kallon ƙasa, kada ka zo mini ƙofar gida da jiƙaƙƙen wando. Ban san ka ba, ban san salkar matarka ba, kuma ko an kai ni gaban alƙali zan rantse tsoron ruwa nake yi. Wanda kuma ba shi da suruki, ya fara koyon iyo tukuna.